Sulke, garkuwa da takobi: Yadda Kiristocin Danko ke karanta ayoyin yaƙi a zamanin 'yan bindiga

Da asubahin Litinin, 17 ga Nuwamban 2025, 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga, a Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu ta Jihar Kebbi. Suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tasa ƙeyar ɗalibai 25 zuwa daji.

Kwana huɗu bayan haka, wasu maharan suka shiga makarantar St. Mary's ta Katolika da ke Papiri a Jihar Neja, suka kwashe ɗaruruwan yara tare da malamansu.

Ga Kiristan da ke zaune a Danko, labaran biyu duk na gida ne. Maga maƙwabciya ce. Papiri kuwa, ko da yake tana can ƙetaren Kogin Neja, tana ƙarƙashin Dayosis ɗin Kontagora, wadda ita ce kuma ke kula da mabiya Katolika na ƙasar Zuru.

To me fasto zai buɗe ya karanta wa jama'a ranar Lahadin da ta biyo bayan irin wannan mako?

Cikin wuraren da masu wa'azi ke yawan komawa a lokacin tsoro akwai babi na 6 na wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Afisawa, daga aya ta 10 zuwa ta 18. Kiristoci na kiran wurin da “makaman Allah”. Tun a makarantar Lahadi yara ke haddace shi, suna nuna kai, ƙirji da ƙafa. Sai dai abin da yaro ke rerawa da tafi, nauyinsa dabam ne a kunnen wanda ya binne ɗan'uwansa.

Wasiƙa daga kurkuku

Bisa abin da coci ya gada, Bulus ya rubuta wasiƙar ne yana tsare a birnin Roma, wajen shekara ta 60 zuwa 62 miladiyya. A ƙarshenta ya siffanta kansa da jakadan da ke ɗaure da sarƙa. Ke nan sojan da yake kwatance da shi ba daga nesa yake hango shi ba, shi ne mai gadinsa.

Kaya shida ya lissafa, kowanne da abin da yake wakilta. Ɗamara ita ce gaskiya. Sulke shi ne adalci. Takalmi shi ne shirin kai bisharar salama. Garkuwa ita ce bangaskiya, kwalkwali shi ne ceto, takobi kuma Maganar Allah. Sai ya rufe da addu'a, wadda bai ba ta siffar wani makami ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga waɗannan kaya. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya ga 'yan sulke da 'yan lifida, kuma tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe, wajen shekara 600 da suka wuce. Don haka masu fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, ba su sha wahalar neman kalmomi ba a nan.

Mai karatun da bai saba da Hausar coci ba zai lura da ɗan bambanci. Inda Musulmi zai ce imani, Kirista kan ce bangaskiya. Inda jarida ke cewa zaman lafiya, majami'a kan ce salama.

Wani abin da masu nazarin wurin suka daɗe da lura da shi shi ne abin da Bulus ya tsallake. Sojan Roma na ɗauke da mashi, da shi yake buɗe farmaki, amma babu mashi a jerin. Biyar daga cikin shidan na shiri ne da kariya. Takobin ma gajere ne, na gaba da gaba. Umarnin da ya maimaita har sau huɗu cikin ayoyi huɗu kuma shi ne a tsaya, a dage. Babu inda ya ce a kai hari.

Ƙasar masu ɗamara

Da wuya a sami wani yanki a Arewa da wannan kwatance zai zauna daram kamar ƙasar Zuru. A Hausa aikin soja ma “aikin ɗamara” ake ce masa, kuma tun zamanin Turawa Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da maƙwabtansu suka yi suna a cikinsa.

Daga nan Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Haka Manjo Janar Musa Bamaiyi da ya riƙe hukumar NDLEA, da Manjo Janar Tanko Ayuba da ya zama sanata. Marigayi Sarkin Zuru, Muhammadu Sani Sami Gomo II, wanda ya rasu a Agustan 2025, shi ma janar ne mai ritaya, ya kuma yi gwamnan soja a Bauchi.

Juriya ma tarbiyya ce a nan. Ga kokawa, ga al'adar golmo, inda saurayi ke shekaru yana yi wa surukansa noma kafin a ba shi mata.

Kiristanci ya shigo yankin ne cikin shekarun 1920 ta hannun mishan ɗin United Missionary Society, wanda cocinsa a yau ake kira UMCA. Daga baya Katolika, ECWA da sauransu suka kafu. Sujada a yawancin majami'un karkara da Hausa ake yin ta, harshen da ya haɗa Lelna da Fakkawa da Dukkawa da Kambari.

Saboda haka idan fasto ya tsaya a Danko yana bayanin hular kwano da garkuwa, akwai yiwuwar cikin dattawan da ke zaune a gaba akwai tsohon sajan da ya fi shi sanin nauyin kayan. Wannan na sauƙaƙa wa'azi ta wani ɓangaren. Ta wani ɓangaren kuma yana wahalar da shi, domin mutanen da suka san yaƙi na zahiri ba sa karɓar magana mai daɗin baki kawai.

Sun kuwa san shi. A farkon Yunin 2021 'yan sanda suka tabbatar da kashe mutum 88 a ƙauyukan Koro, Kimpi, Gaya, Dimi, Zutu, Rafin Gora da Iguenge, duk a Danko/Wasagu. A Maris ɗin 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, fiye da 60 suka mutu. Kwanaki kaɗan bayan haka aka buɗe wa ayarin mataimakin gwamna na lokacin, Kanar Samaila Yombe Dabai mai ritaya, wuta a Kanya, jami'an tsaro fiye da goma suka rasa rayukansu, yawancinsu sojoji.

Wane ne abokin gaba?

Aya ta 12 ita ce ƙashin bayan wurin, ita ce kuma mafi wuyar haɗiyewa. A cikinta Bulus ya ce kokawar mai bi ba da ɗan'adam ba ce, da rundunonin mugunta ne waɗanda ido ba ya gani.

Matar da aka kashe mijinta a gona tana iya cewa ita dai ta ga wanda ya yi harbin, a kan babur ya zo, da fuska da suna. Babu mai hankalin da zai ce mata ƙarya take yi.

Amsar da malaman Kirista suka saba bayarwa ita ce ayar ba ta wanke mai laifi ba. Wanda ya yi kisa mai laifi ne, hukuma ta kama shi ta hukunta shi. Abin da ayar ta hana shi ne a ɗauki wata ƙabila ko wani addini a ɗora masa sunan Shaiɗan. Bayan ɗan bindiga akwai kwaɗayi, zalunci, cin amana da ƙiyayya, kuma waɗannan ba su da ƙabila. Suna iya shiga zuciyar wanda aka zalunta kamar yadda suka shiga ta azzalumin.

Wannan ba zancen littafi ba ne kawai a ƙasar Zuru. Ƙungiyoyin makiyaya sun sha kokawa cewa idan 'yan sa-kai suka fusata, Bafulatanin da bai ji ba bai gani ba ke biyan bashin wanda ke daji. Su kuma manoma na cewa su aka fara kashewa, kuma ba wanda ya zo ceto. Kowane ɓangare na da kaburburan da zai nuna.

Akwai kuma wani dalili na cikin gida. A Danko, Dabai ko Ribah, ba abin mamaki ba ne ka tarar da gida ɗaya mai Musulmi, Kirista da mai bin addinin gargajiya, uwa ɗaya uba ɗaya. Bikin Uhola na kaka duk tare ake yin sa. Wanda ya zo da wa'azin yaƙin addini a irin wannan gida, tsakar gidan zai fara tsagawa.

Makon Maga da Papiri ya nuna haka ƙarara. Ya zo ne makonni kaɗan bayan Shugaban Amurka Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da ya ce ana tauye 'yancin addini, yana magana kan kisan Kiristoci. Amma hukumomin Danko/Wasagu sun bayyana cewa 'yan matan Maga Musulmi ne. Na Papiri kuma daga makarantar coci aka kwashe su. Mako ɗaya, kuka iri ɗaya.

Wannan ba ya share gaskiyar cewa an kashe Kiristoci da yawa a yankin, an kuma watsa ƙauyukan da majami'unsu suka koma kufai. Abin da yake nunawa shi ne mai karɓar kuɗin fansa ba ya tambayar alƙibla.

A nan ne ɗamarar gaskiya ke samun aiki na yau da kullum. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp na iya tayar da kasuwa, ko ya sa a zargi maƙwabci da kai wa 'yan bindiga rahoto. Irin wannan zargi ya isa ya ci ran mutum kafin a bincika. Wanda ya tura abin da bai tabbatar ba, a ma'aunin wannan koyarwa, ya fita fagen fama ɗamararsa a kwance.

Laya ko bangaskiya

Akwai wata muhawarar da ba a cika yin ta a kan bagadi ba, amma tana nan a bayan gida: maganin bindiga.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa cikin masu fita tsaron gari na ɗaura guru da layu, wasu na shan maganin ƙarfe. Matashin da ke waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci ranar Lahadi, idan dare ya yi aka ce shi ke kan layin sintiri, abokansa za su miƙa masa abin ɗaurawa a damtse. Ya karɓa ko ya ƙi?

Abin sha'awa, mutanen da aka fara rubuta wa wasiƙar sun san wannan matsalar. Afisa, wadda kufanta ke yammacin Turkiyya a yau, ta yi suna da tsafi da haikalin gunkiya Artemis. Littafin Ayyukan Manzanni, babi na 19, ya ba da labarin yadda masu sihirin da suka tuba suka tara littattafansu suka ƙone a bainar jama'a, aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Mutanen da suka rabu da layunsu ne Bulus ke gaya wa cewa ba a bar su tsirara ba.

Matsayin majami'u a kan laya a fili yake: ba a haɗa ta da bangaskiya. Sai dai akwai wani tarko a ɗaya gefen, wanda ba kowane mai wa'azi ke kauce masa ba. Shi ne mayar da ayar kanta laya. A ce wa mutum in ya karanta ta sau kaza, ko ya shafa man da aka yi wa addu'a, harsashi ba zai taɓa shi ba.

Wannan alkawari ne da wasiƙar ba ta yi ba. Wanda ya rubuta ta a ɗaure yake, kuma tarihin coci ya ce a Roma aka fille masa kai a zamanin Sarki Nero. Idan garkuwar bangaskiya maganin ƙarfe ce, to ba ta yi wa mai ita aiki ba.

Illar irin wannan wa'azi takan fito ne ranar jana'iza. Idan an koya wa jama'a cewa mai bangaskiya ba ya mutuwa a hannun ɗan bindiga, me za a ce wa 'ya'yan dattijon cocin da aka harbe? Cewa ubansu bai gaskata sosai ba? Wannan ƙarin rauni ne a kan rauni.

Kiban wutar da Bulus ya ce garkuwar na kashewa, yawancin masu fassara na ɗaukar su a matsayin tsoro, shakka, fid da rai da ƙishin ramuwa. Garkuwar sojan Roma babba ce, ta katako da aka lulluɓe da fata, tana kusan rufe mutum kamar ƙyaure. Ƙarfinta na gaske kuma sai an jera: sojoji su haɗa garkuwoyinsu gaba da sama, su zama kamar ƙoƙon kunkuru. Umarnin da ke cikin ayoyin ma duk da “ku” aka yi shi, ba da “kai” ba.

Wanda ke son ganin wannan a aikace ya dubi Zumuntar Mata. Su ne ke haɗa kwanon dawa da masara ga waɗanda suka gudo daga ƙauye, su ne ke zaman makoki, su ne ke karo-karo. Ba sa kiran abin da suke yi yaƙi, amma shi ya fi kama da jeren garkuwar.

To bindigar fa?

Tambayar da ta fi kowacce zafi ita ce ko Kirista zai ɗauki makami ya kare garinsu.

Masu cewa e suna da hujjojinsu. Suna kawo Nehemiya, wanda maginansa suka sake gina garun Urushalima da makami a kusa. Suna tuna cewa da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma, bai ce su ajiye aiki ba, ƙwace da ƙazafi ya hana su. Suna kuma tuna kiran da Janar T.Y. Danjuma ya yi a Jalingo a Maris ɗin 2018, cewa jama'a su tashi su kare kansu.

Masu ja da baya na nuna daren da aka kama Yesu, inda ya umarci Bitrus ya mayar da takobinsa kube. Suna kawo wasiƙar Romawa, babi na 12, da ta hana ramuwa, da babi na 13 da ya danƙa takobi a hannun hukuma. A Arewa maso Gabas akwai cocin EYN, wanda tun kafuwarsa a Garkida a 1923 koyarwarsa ta ƙin ɗaukar makami ce, kuma shi ne ya fi kowane coci asarar 'ya'ya a satar Chibok ta 2014.

Matsalar ita ce hujjar barin takobi a hannun hukuma na buƙatar hukumar ta kasance a wurin. Bayan harin Maga, Gwamna Nasir Idris da kansa ya fito yana tambayar wanda ya ba da umarnin janye sojojin da aka girke a makarantar jim kaɗan kafin maharan su iso. Idan gwamna na irin wannan tambaya, ba a yi mamakin ta manomi ba.

Abin da ya fi kusa da matsaya a tsakanin ɓangarorin shi ne bambanta tsaro da ramuwa. Tsayawa a bakin gari don kare mata da yara abu ɗaya ne. Bin dare a ƙone rugar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba, wani abu ne dabam. A baki layin a fili yake. A daji, da gawar ɗan'uwa a gaba, ba kowa ke ganin sa ba.

Fasto James Wuye na Kaduna ya taɓa tsallake layin. Yana cikin matasan Kiristoci masu ɗaukar makami, ya rasa hannunsa a rikicin 1992 da ya samo asali daga Zangon Kataf. A ɗaya ɓangaren akwai Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin. A 1995 mutanen biyu suka fara aikin sulhu tare, aikin da ya kai su har ga sasanta rikicin Yelwan Shendam a Jihar Filato.

Irin wannan ne masu wa'azi ke nufi idan suka zo kan takalmi, kayan da ya fi ba da mamaki a jerin, tunda a tsakiyar kayan yaƙi aka sako salama. Takalmin sojan Roma na da ƙusoshi a tafinsa don kada ya zame. Salama a nan ba kwanciya ba ce. Ita ce abin da ke hana mutum zamewa, ita ce kuma ke kai shi inda ba ya son zuwa: gidan maƙwabcin da ake zargi, zauren hakimi, zaman da limamin masallaci da ardo.

An sako 'yan matan Maga 24 ranar 25 ga Nuwamba, bayan ɗaya ta riga ta kuɓuta da kanta. Yaran Papiri sun dawo kashi-kashi, na ƙarshe dab da Kirsimeti. An yi godiya a masallatai da majami'u.

Amma sakin yara bai buɗe hanyar gona ba. Ƙasar Zuru na cikin wuraren da ke ciyar da Kebbi da dawa, masara da wake, kuma gonakin da suka fi albarka su ne na nesa, ta wajen iyakar Zamfara da Neja, inda dajin yake. Idan ruwan farko ya sauka, magidancin da ya saurari wa'azin garkuwa ranar Lahadi zai tashi da asubahin Litinin ya yanke shawara: ya tafi gonar nesa, ko ya haƙura da 'yar ta bayan gari wadda ba za ta cika rumbu ba. Zai kuma yanke ko ya tafi da babban ɗansa, ko ya bar shi a gida.